Me ya sa ake fara hujjar lissafi daga kore sakamako?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin lissafi ne, shekarata ta farko ke nan a jami'a. An ba mu aiki mu tabbatar da cewa idan n² cika ce, to n ma cika ce. Da malaminmu ya zo warwarewa sai ya ce, "Mu ɗauka n mara ce," ya nuna n² ma mara ce, ya ajiye alli ya ce an gama. Ni dai raina bai kwanta ba. An tambaye mu abu ɗaya, mun amsa wani daban. Ina hujjar yin haka? Mene ne bambancinsa da hanyar nan da ake ɗaukar akasin magana har a ci karo? Kuma yaushe zan gane cewa wannan hanyar ya kamata in bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗi da ranka bai kwanta ba, domin ɗaliban da suka fi ba ni tsoro su ne masu kwafe abin da ke kan allo su gyaɗa kai. Malaminka bai yi maka wayo ba. Maganar da ya tabbatar ita ce dai wadda aka tambaye ku, tufafi kawai ta sauya.

Mu ajiye lambobi tukuna. Ɗauki wannan magana: idan mutum yana cikin ɗakin, to yana cikin gidan. Sai wani ya zo ya ce maka, idan mutum ba ya cikin gidan, to ba ya cikin ɗakin. Ya ƙara maka wani labari? Ko kaɗan. Duk biyun abu guda suke faɗa, wato ɗakin nan a cikin gidan yake. Wanda ya yarda da ta farko dole ya yarda da ta biyu, wanda kuma ya yarda da ta biyu ba shi da bakin musun ta farko. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

A lissafi ma haka ne. Magana mai siffar "idan P, to Q" tana da ɓangare biyu: P shi ne sharaɗi, Q shi ne sakamako. Yanayi huɗu ne kawai za su iya kasancewa: duka biyun gaskiya, duka biyun ƙarya, P ƙarya Q gaskiya, ko P gaskiya Q ƙarya. A cikin huɗun nan, guda ɗaya tak maganar take cewa ba zai yiwu ba, shi ne na ƙarshe, inda sharaɗi ya cika amma sakamako bai biyo baya ba. To yanzu dubi "idan ba Q ba, to ba P ba". Me take hanawa? Tana hana a samu Q ƙarya alhali P gaskiya. Ka ga ai yanayin nan ne dai guda ɗaya. Maganganu biyun da abu ɗaya ne kaɗai ke iya ƙaryata su, tare suke tsayuwa, tare suke faɗuwa. Hujjar da ka nema ke nan, ba ta fi haka tsawo ba.

Littattafan Turanci suna kiran wannan siffa kwantirafozitif. Malaman Manɗiƙi kuwa sun daɗe da saninta da sunan aksun naƙidi, kuma sunan nasu ya fi fito da aikin fili: ka kore ɓangarorin biyu, sannan ka juya su. Misalinsu shi ne, kowane mutum mai rai ne, saboda haka duk abin da ba mai rai ba, ba mutum ba ne. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Aristotul ya rubuta cewa idan samuwar abu na farko tana tilasta samuwar na biyu, to rashin na biyun yana tilasta rashin na farkon. Ni a nan zan riƙa kiran ta juyin kore.

Amma akwai wani rami kusa da ita, kuma ina zaton shi ne asalin rashin natsuwarka. Idan ka juya maganar ba ka kore ba, ka ce "idan Q, to P", ka faɗi wata magana daban. Kasancewar mutum a cikin gida ba ta sa shi cikin ɗakin, yana iya zama a tsakar gida. Idan kuma ka kore ba ka juya ba, ka ce "idan ba ya cikin ɗakin, ba ya cikin gidan", nan ma ka zame. Sai an haɗa biyun, juyi da korewa, ake dawowa kan maganar asali. Kada ka ɗauka ɗalibai kaɗai ke ruɗewa a nan. A shekarar 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Ingila, Peter Wason, ya fito da gwaji na kati huɗu, kowane kati da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar. A ce abin da ake gani shi ne E, K, 4, 7, dokar kuma ita ce: idan kati yana da wasali a fuska ɗaya, to lambar bayansa cika ce. Waɗanne katuna ne dole a juya don a gane ko an karya dokar? Yawancin mutane E kaɗai suke ɗauka, ko E da 4. Amsar ita ce E da 7. Katin 4 ba ruwanmu da shi, ko wasali ne a bayansa ko baƙi, bai taɓa dokar ba. Katin 7 ne mai haɗari, domin idan aka tarar da wasali a bayansa doka ta karye. Mai ɗaukar 4 juyi zalla ya bi, mai ɗaukar 7 shi ya gane juyin kore.

To tunda maganganun biyu ɗaya ne, me ya sa za a bar wadda aka bayar a kama ɗayar? Nan ne gundarin zancen. Ɗaya ne a wajen gaskiya, amma ba ɗaya ba ne a wajen abin da suke miƙa maka ka fara aiki da shi.

Gwada tambayarka kai tsaye ka gani. An ce n² cika ce, wato tana rabuwa biyu ba saura, saboda haka n² = 2m. Madalla. Kana son ka ce wani abu game da n, sai ka rubuta n = √(2m). Daga nan fa? Ka tsaya cik. Alamar saiwar nan ba ta gaya maka komai game da rabuwa biyu. An ba ka labarin n², ana neman labarin n, kuma komawa daga n² zuwa n hawan tudu ne.

Yanzu juya. A ce n mara ce. Nan take kana da abin riƙewa: n = 2k + 1, inda k cikakkiyar lamba ce. Sai ka buga ta sau kanta:

n² = 4k² + 4k + 1 = 2(2k² + 2k) + 1.

Biyu sau wata cikakkiyar lamba, a ɗora 1, wannan mara ce. Layi biyu an gama. Daga n zuwa n² gangara ce, ninkawa kawai ake yi. Abin da malaminka ya hango ke nan kafin ya ɗauki alli: korarren sakamakon ya ba shi lamba da zai iya rubutawa ya sarrafa, sharaɗin asali kuwa bai ba shi ba.

Wannan ita ce amsar tambayarka ta uku, kuma ni ban san wata ƙa'ida da ta wuce ta ba. Kafin ka fara, rubuta P a gefe, rubuta korarren Q a ɗaya gefen, ka tambayi kanka wanne ne cikinsu zan iya mayarwa lissafin da hannu ke kamawa. Akwai alamomi da ke yawan nuna cewa juyin kore zai fi sauƙi. Idan sharaɗin yana magana kan abu haɗaɗɗe, kamar n² ko a sau b, sakamakon kuma kan abu sassauƙa kamar n. Idan sakamakon yana ɗauke da "ko". Idan kuma sakamakon kansa korewa ne, irin "x ba ta rubutuwa a matsayin a/b", domin maganar da ke cewa abu kaza babu shi ba ta ba ka abin rubutawa, amma da ka kore ta sai ga x = a/b a hannunka.

Gwada da 3: idan 3 tana raba n², to tana raba n. Korewar sakamakon ita ce 3 ba ta raba n, wato saura 1 ne ko 2. Idan n = 3k + 1, to n² = 3(3k² + 2k) + 1. Idan n = 3k + 2, to n² = 9k² + 12k + 4 = 3(3k² + 4k + 1) + 1. Ta ko'ina saura 1, ba ta rabu ba. Sai dai kada daɗin abin ya ɗebe ka ka ce kowace lamba haka take. Da 4 maganar ƙarya ce: 4 tana raba 36, amma ba ta raba 6. Idan ka bi juyin kore da gaskiya, da kanka za ka gano haka, domin da ka iso n = 4k + 2 za ka ga n² = 16k² + 16k + 4, wadda 4 ke rabawa sarai. Hanyar ba ta mayar da ƙarya gaskiya, sai ma ta nuna maka daidai inda ƙaryar take.

Yanzu ga inda maki ke zubewa. A shekarun da na yi ina duba takardun jarrabawa, ɗaliban da suka faɗi a irin wannan tambaya ba a ninkawa ko tarawa suka faɗi ba. A layin farko suke faɗuwa, wajen kore maganar. Na tuna wata takarda da aka tambayi mai ita ya nuna cewa idan n = ab, lambobin duka sama da sifili, to a ≤ √n ko b ≤ √n. Yaron ya gane juyin kore ake so, rubutunsa tsaf, sai ya fara da "a ce a > √n ko b > √n". Ya cika shafi guda yana fama, ya soke, ya sake, daga ƙarshe ya rubuta "an tabbatar" a ƙarƙashin abin da bai tabbata ba. Kalma ɗaya ce ta kayar da shi. Korewar "wannan ko wancan" ita ce "ba wannan ba kuma ba wancan ba". Da ya rubuta a > √n kuma b > √n, da sai ya ninka su kawai: ab > √n × √n = n, saboda haka ab ba n ba ce. Layi ɗaya. Waɗannan ƙa'idoji, cewa "ko" tana komawa "kuma", "kuma" tana komawa "ko" idan aka kore, su ake jingina wa Augustus De Morgan, masanin lissafi na Ingila da ya rasu a 1871. Kuma ƙaramar maganar nan ta a da b ita ce dalilin da ya sa idan kana son sanin ko 97 firam ce, wato lambar da ta wuce 1 kuma ba mai raba ta sai 1 da ita kanta, ba sai ka gwada har 96 ba. Da ka gwada 2, 3, 5 da 7 ka gama, tunda 10 sau 10 ta riga ta wuce 97.

Haka "kowane" take komawa "akwai wani" idan aka kore ta. Akasin "kowane ɗalibi ya ci" shi ne "akwai wanda bai ci ba", ba "kowa ya faɗi" ba. Za ka haɗu da wannan nan gaba kaɗan a darasin iyakoki: idan a ≤ b + ε ga kowace lamba ε da ta fi sifili, to a ≤ b. Kai tsaye, an ba ka maganganu marasa iyaka, ɗaya ga kowace ε, ka rasa wadda za ka kama. Ta juyin kore kuwa, ka ce a > b, aikinka kawai ka nemo ε guda ɗaya da za ta karya sharaɗin. Ɗauki rabin tazarar da ke tsakaninsu, ε = (a − b)/2. Sai b + ε ta zama (a + b)/2, wadda take ƙasa da a. Shi ke nan.

Sai bambancinta da hujjar cin karo, wadda masu Manɗiƙi ke kira ƙiyasul khulfi. Suna kama da juna domin duka biyun suna farawa da "a ce Q ba gaskiya ba ce". Daga nan suke rabuwa. A juyin kore, korarren Q kaɗai ka ɗauka, kuma ka san inda za ka: korarren P. Hujja ce ta kai tsaye, mai mafari da masauki. A cin karo kuwa kana ɗaukar P da korarren Q a tare, ka yi ta tafiya ba ka san inda za ka ɓulla ba, har ka tarar da wani abin da ba zai yiwu ba, ko ma mene ne.

Shahararriyar hujjar cewa √2 ba ta rubutuwa a matsayin a/b ta haɗa biyun, shi ya sa take da kyau ga mai koyo. Ana ɗauka √2 = a/b, an rage su har ba lambar da ke raba su tare sai 1. To a² = 2b², saboda haka a² cika ce, saboda haka a cika ce. Ka ga tambayarka ta aikin gida ta shigo nan. Rubuta a = 2c, sai b² = 2c², b ma ta zama cika. Ga a da b duka 2 tana raba su, alhali mun ce an gama rage su. Tufka da warwara. Ginin gaba ɗaya cin karo ne, amma tubalin da aka yi amfani da shi sau biyu a ciki juyin kore ne.

Ra'ayina, wanda ba kowane malami ne zai tsananta a kansa kamar ni ba: duk inda juyin kore zai yi, kada ka rubuta cin karo. Da yawan hujjojin da ɗalibai ke kira cin karo juyin kore ne da aka yi wa rawani. Za su ce "a ce P gaskiya ce kuma Q ƙarya", su ajiye P ba su sake waiwayarta ba, su fito da korarren P, sannan su ce "wannan ya ci karo da P". Gwajin mai sauƙi ne: idan ba ka taɓa P ba sai a layin ƙarshe, goge layin farko da na ƙarshe, abin da ya rage shi ne hujjar. Ba don ado kawai nake faɗin haka ba. A cin karo kana aiki ne a cikin duniyar da ba ta wanzu ba, kana jiran ganin shirme, to idan ka yi kuskuren alama a tsakiya shirme zai fito, ka yi murna ka ce ka gama. A juyin kore kowane layi magana ce ta gaskiya game da lambobi na gaske. Kana iya sa n = 7 ka bi layi-layi ka ga ko 49 za ta fito mara.

Bari in nuna maka inda hanyar ta yi aiki mai nauyi. Akwai lambobi masu siffar 2ⁿ − 1, da ake kira da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648. Magana: ga n da ta wuce 1, idan 2ⁿ − 1 firam ce, to n firam ce. Kai tsaye ba ka da mafari, domin "firam ce" na nufin ba ta da masu raba ta, kuma babu ba abin riƙewa ba ce. Juya: a ce n ba firam ba ce, n = ab, duka biyun sun wuce 1. Sa x = 2ᵃ. To 2ⁿ − 1 ita ce xᵇ − 1, kuma x − 1 kullum tana raba xᵇ − 1. Ke nan 2ᵃ − 1 tana raba lambarmu, ta fi 1, ba ta kuma kai lambar ba. Da n = 15, lambar ita ce 32767, kuma ga 7 da 31 nan suna raba ta kamar yadda aka yi alkawari: 7 × 31 × 151. Juyi zalla kuwa ƙarya ne: 11 firam ce, amma 2¹¹ − 1 = 2047 = 23 × 89. Saboda wannan 'yar hujja ce masu farautar manyan lambobin firam da kwamfuta ba sa ɓata lokaci kan n da ba firam ba. Wadda suka gano a watan Oktoba na 2024, wato 2ⁿ − 1 inda n = 136,279,841, tana da alƙaluma sama da miliyan 41.

Wani lokaci ma ba a hujja ake juyawar ba, a amfani ne. A 1640 Pierre de Fermat ya faɗi ƙa'idar da ke nuna cewa idan p firam ce mara, to in aka raba 2ᵖ⁻¹ da p, saura 1 ne. Juyin korenta ma'auni ne: idan saurar ba 1 ba ce, lambar ba firam ba ce. Gwada 91. 2¹² = 4096 = 91 × 45 + 1, saura 1. Tunda 90 = 12 × 7 + 6, saurar 2⁹⁰ daidai take da ta 2⁶, wato 64. Ba 1 ba ce, saboda haka 91 ba firam ba ce, kuma mun san haka ba tare da mun nemo 7 da 13 ba. Amma idan saura ta fito 1, kada ka yanke hukunci: 341 = 11 × 31, kuma ta tsallake wannan gwaji, domin 2¹⁰ = 1024 = 3 × 341 + 1. Katin 4 na Wason ne ya sake dawowa.

Gaskiya ɗaya da bai kamata in ɓoye maka ba, ko da yake ba za ta shafi jarrabawarka ba. Komawa daga "idan ba Q ba, to ba P ba" zuwa "idan P, to Q" tana dogara ne kan yarda cewa kowace magana ko gaskiya ce ko ƙarya, babu ta uku, kuma kore korewa tabbatarwa ce. L. E. J. Brouwer, masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, ya ƙalubalanci wannan tun 1908 a kan abubuwa marasa iyaka, kuma mabiyansa ba sa karɓar wannan komawar a kowane hali. A tambayarka ko su ba su da ja, tunda kowace cikakkiyar lamba ana iya raba ta biyu a ga saura da ido: ko 0 ko 1.

Idan ka zo rubutawa, ka fara da sanar da mai dubawa: "Za mu tabbatar da juyin koren maganar, wato idan n mara ce, to n² mara ce." Rubuta korarrun ɓangarorin biyu cikakku kafin ka taɓa lissafi, ka duba kowace "ko" da "kuma" da "kowane". In kana son gwada hannunka yau, ga guda biyu: idan x + y ≥ 2, to x ≥ 1 ko y ≥ 1, sannan idan n³ + 5 mara ce, to n cika ce. Ta biyun za ka fara ta da n = 2k + 1.